Zaitun Kan Iyaka

A Coimbra, hawa na uku, inda taga ke kallon kogi,
Farfesa Graciete kan raba mu gida biyu:
ku ne masu jirgin ruwa, ku ne masu kayan da suka jiƙe.
Ni a tsakiya, da fensir da gorar ruwa,
ina koyon riƙe fuska kamar ruwan rijiya.

Ta ce, Ilda, kin cika gaggawa.
In sun yi shiru, ki ƙirga goma sha biyu a zuci,
shiru ba rami ba ne da za ki cike.
Ta ce, mai yanke hukunci kan tashi da amsa a aljihu,
mai sasanci kuwa shi ke wanke kofuna bayan an watse.
Na rubuta. Na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Digiri na biyu.
Na haddace yarjejeniyoyi har suna bi na cikin barci,
na sasanta ƙasashen takarda a kan kogin takarda,
aka tafa mini.
Ban faɗa wa kowa ba
cewa shekara goma sha tara ke nan
ubana Aníbal bai gaisa da ƙanensa Custódio ba,
a kan bishiyar zaitun guda
da kakarmu ta dasa daidai kan iyaka.
Ba mai tsinka. 'Ya'yan kan zube, su yi baƙi,
tsuntsaye kaɗai suka ci gadon.

Hutun hunturu na hau jirgin ƙasa, na hau bas,
na hau tsauni da kundina a hammata.
Na zaɓi ɗakin cocin ƙauye, ba gidan kowa ba,
na jera kujeru yadda littafi ya ce, kada su fuskanci juna.
Ubana ya shigo ya juya tasa.
Wa ya ɗauke ki aiki? in ji shi.
Baffa ya zauna da hula a gwiwa
yana murza bakinta kamar mai sussukar wake.

Na tambayi buƙata, suka ba ni taku.
Taku huɗu daga katanga. A'a, uku da rabi.
Na tambayi gobe, suka tono mini safiyon da ya mutu tun tuni.
Sannan maganar ta ƙare musu.

Ɗaya. Biyu. Murhu yana tari.
Biyar. Harshena na ƙaiƙayi, ina da jimla a shirye, mai kyau.
Tara. Na haɗiye ta.
Goma sha ɗaya,

Baffa ya ce, ba ga ni ba, ga hular:
Ina Faransa ina ɗaukar bulo.
Da na iso har ciyawa ta fito a kabarinta.

Ubana ya ce, Na aika wasiƙa.

Ba ta zo ba.

Na aika.

Babu sashen da ya yi maganar wasiƙa.
Babu wanda zai auna ta da igiya.
Na dubi fensirina, na ajiye.

Ba a sa hannu a komai ba ran nan.
Ba a rungumi juna ba, kada in yi muku ƙarya.
Ubana dai, da ya miƙe,
ya tura kwandon burodi ya haye tsakiyar tebur,
kaɗan, kamar bisa kuskure,
ya fita yana zagin sanyi.

Na rubuta rahoto shafi ashirin, na sauya sunaye.
Ta ba ni goma sha huɗu cikin ashirin.
A gefe, da jan biro: Ba a cimma matsaya ba.
Can ƙasa, ƙanana, da fensir:
Har nawa kika ƙirga?

Jiya Inna ta kira.
Wai an ga tsani jingine da bishiyar.
Ba ta san na wa ba ne,
ni ma ban tambaya ba.